Sulusin Barat

Da Alhaji Olimbai ya rasu, masu rabon gado ba su sha wata wahala ba, don 'ya'ya biyu rak ya bari: Bibi Mastura, wadda mijinta ya mutu ta dawo gida da bakinta mai kaifi, da ƙanenta Mulla Ismatulla, wanda ya shekara goma sha tara a makaranta yana jiran a ba shi kujerar koyarwa. Namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Darduma tara, aka ba shi shida aka ba ta uku. Tukwanen ƙarfe uku ma suka rabu lafiya. Sai aka zo kan Barat.

Barat shi ne mai dafa abincin gidan, shekararsa arba'in da ɗaya a bakin murhun nan. An ce ya tsaya tsakanin dardumomi da tukwane don kada a manta da shi a lissafi, ya kuwa tsaya, da ludayinsa a hannu.

Alƙalin unguwa ya ce, "Bawa guda. Sulusi biyu na Mulla, sulusi ɗaya na Bibi."

Daga bayan labule Bibi ta ce, "Sulusin nan nawa ne halak malak?"

"Naki ne."

"To ku shaida, na 'yanta shi saboda Allah."

Akwai saboda Allah a ciki, ba na musu, don a kafaɗar Barat ta girma. Amma duk wanda ya san Bibi ya san akwai kuma saboda ƙanenta ya ƙwaru da shayi, ya kuwa ƙwaru. Da tari ya lafa ya ce, "Wane sulusin? Kan ko ƙafafun?" Alƙali ya buɗe littafi ya rufe, ya sake buɗe wani, ya ce tunda mutum ba ya yankuwa sai a yanka kwanaki. Kwana biyu Barat bawan Mulla ne, rana ta uku ɗa ne, daga buɗe ƙofofin birnin Buhara da safe zuwa rufe su da magariba.

Abin ya zo wa Mulla a mummunan lokaci, domin shekara bakwai ke nan yana rubuta wata risala a kan halaccin mallakar bayi, kuma da ita yake fatan hawa kujera. Ba shi da mai saurare sai Barat, saboda haka kullum da hantsi zai zo ya zauna a ƙofar madafa ya karanta masa, Barat na yanka karas. Babi na ɗaya ya ce masanan Girka na dā sun tabbatar an halicci wasu don su yi umarni, wasu don a umarce su. Bawa kayan aiki ne mai numfashi, kamar gatari, yana jin magana amma ba shi da hankalin yanke hukunci. Babi na biyu ya ce ɗa guda a ma'auni daidai yake da bayi biyu. Babi na uku ya ce wanda aka kama a yaƙi aka bar masa ransa, ran nan ya zama na wanda ya bari. Babi na huɗu kuwa ya ce dukiya ba ta mallakar dukiya.

Shekara bakwai Barat yana cewa "Haka ne, taksir," domin da wannan laƙabi ake kiran malamai. Ranar 'yancinsa ta farko kuwa sai ya wanke hannu, ya hau dakalin tsakar gida, ya miƙe ƙafa, ya zuba wa kansa shayi.

"Ismat," in ji shi, "zo ka sake karanta min babin yaƙin nan."

Mulla ya waiga ya ga ko akwai wani Ismat a gidan. Rabon da a kira shi haka tun kafin ya tsiro gemu.

"Ni dai yaƙin da aka kama ni a ciki," in ji Barat, "a gonar kankanar babana aka yi shi, ina tsugune bayan wata ciyawa, wandona a idon sawu. Mahaya uku ne. Ɗaya ma sai da ya jira na gama. Ka sa wannan a babin, masu karatu za su so shi."

"Gobe za ka maimaita min wannan maganar!"

"Gobe ba ni da hankali, Ismat. Yaya zan tuna?"

Da a nan abin ya tsaya da sai a ce kowa ya samu abin nishaɗi. To amma Barat yana da 'ya, Gulandam. Tana shekara goma marigayi Alhaji ya sayar da ita, a shekarar da audugarsa ta lalace, uwarta kuma ba ta ƙara shekara a duniya ba. Shekara goma sha biyu Barat bai sa ta a ido ba. Labari dai yakan zo ta bakin wani mai kawo kankana daga ƙauyen Gulabad: uwargijiyarta ta 'yanta ta kafin ta mutu, wani mai injin niƙa na ruwa ya aure ta. Sati biyu bayan rabon gado mai kankana ya zo da sabon labari. Gulandam ta haifi namiji, ranar Asabar ta cikar arba'in za a yi bikin sa jariri a gado.

Kowa ya san gadon lilon jaririn fari daga gidan uban mace yake fitowa, kuma uban ne ke ɗauko shi da kansa, dangi na biye da goro... a'a, da alewa da burodi. Mai kankana ya rage murya ya ce surukar Gulandam ta riga ta fara yi wa maƙwabta bayani cewa su za su sayi gado a kasuwa, tunda ita ma amaryar a kasuwa aka samo ta. Ranar, karas ɗin da Barat ya yanka bai fito daidai ba.

Bibi ta ba shi reshen bishiyar da ke sulusinta na lambu. Ranakun 'yanci huɗu ya yi yana sassaƙa, ya shafa masa shuɗi da ja. Mulla ya zo ya zagaya gadon, ya ce bisa babi na huɗu sulusi biyunsa nasa ne. Bibi ta leƙo ta ce ya yi aure tukuna ya samu abin sawa a ciki. Maganar ta mutu a nan.

Matsalar ita ce hanya. Gulabad tafiyar yini guda ce cur ga mai lafiyar gwiwa, Barat kuwa gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya. Duk da haka ya gwada. Ana buɗe ƙofa ya fita da gado a ka, ya yi ta sauri har numfashinsa na fita da ƙara. Rana ta take tsaka yana gindin wata tsohuwar bishiyar tut, wadda kowane matafiyi ya san ita ce rabin hanya. In ya wuce, ba zai riski ƙofa a buɗe ba, kuma da safe sunansa gudajjen bawa, a kafe kunnensa a jikin ƙofar gari, a kuma bi shi har gidan 'yarsa da sanduna. Ya sauke gadon, ya zauna ya kalli hanyar Gulabad har inuwa ta ɗan karkata, sannan ya ɗauka ya juyo. Yaran bakin ƙofa suka tambaye shi ko jaririn ne ya ƙi.

Washegari ya durƙusa gaban Mulla.

"Taksir, alfarma nake roƙo. A haɗa min ranakuna uku a jere, in je in dawo. Bayan nan ka riƙe ni kwana shida ba hutu."

Mulla ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Amma mutum ne da in ya ga hujja ta gilma sai ya bi ta ko da rijiya za ta faɗa. Ya shafa gemu ya ce musaya ciniki ce, ciniki kuwa sai tsakanin masu hankali biyu. Yau Barat dukiya ne, dukiya ba ta ciniki da mai ita. In kuma ya bari sai ranar 'yancinsa, to ɗa ba shi da ikon yin alkawari a kan kwanakin bawan wani. Hujjar ta yi masa daɗi har ya tashi da sauri ya je ya rubuta ta, ta zama babi na biyar.

Barat ya daɗe a durƙushe. Baƙin ciki ya cika masa ciki, irin wanda ba ya fita da kuka. Sannan ya tashi ya shiga madafa, ya ɗora tukunya, ya soya nama da albasa da karas, ya wanke shinkafa, ya koma ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu da ƙoƙon gishiri.

"Taksir, gishiri nawa?"

"Yadda ka saba mana."

"Gatari ba ya sabawa, taksir. Inda aka sara shi nan yake ci."

"To sa daidai!"

"Daidai ai hukunci ne. Babi na ɗaya ya ce ba ni da shi."

Mulla bai taɓa sanin ana sa wa palau, wato dafa-dukan shinkafar nan, gishiri da hannu ba, a zatonsa da shi shinkafa take tsirowa. Ya yi tunani irin na malamai ya ce tafi uku. Barat ya ce to. Ya dawo ya tambayi ruwa, ya dawo ya tambayi wuta, ya dawo ya tambaya ko a sauke. Palau ɗin da aka kai wa Mulla ranar, kyanwar gidan ta shinshina ta haura katanga. Kashegari Mulla ya ce gishiri ɗan kaɗan kawai, ruwa kuma a rage, aka kawo masa tsakuwa mai ƙanshin nama.

Ya ɗauko bulala, ba zan ɓoye ba. Bibi ta fito ba ko mayafi ta ce, "Dake shi, ɗan'uwa, naka ne. Amma ka auna da kyau. Bulalar nan ta taɓa sulusin da na 'yanta, wallahi a gaban alƙali za mu kwana." Mulla ya zagaya Barat sau biyu yana neman iyaka, ya rataye bulalar.

Ranar 'yanci kuwa Barat zai ɗora 'yar ƙaramar tukunya ya dafa na mutum biyu, shi da Bibi. Ƙanshin ya ratsa ƙofa ya shiga ɗakin karatu ya zauna a kan risala. Mulla na ciki da busasshen burodi yana jiƙawa a shayi. Cikin kwana goma rawaninsa ya fara yi masa yawa. Amma bai sauko ba, kuma Asabar ɗin biki sai matsowa take. Barat ya fara jin tsoro cewa taurin kan malami zai fi yunwa ƙarfi.

Ranar Talata sai ga manzo daga Babban Alƙalin gari. Wai Babban Alƙalin ya ji labarin risala, zai zo da manyan malamai huɗu su saurara, in ta gamsar kujera ta samu. Ya kuma ce a gaya wa Mulla bai manta da palau ɗin gidan marigayi Olimbai ba, shekara goma yana ba da labarinsa. Ranar Alhamis za su zo.

Mulla ya ƙirga a yatsu, ya sake ƙirgawa daga ɗaya hannun. Alhamis ranar Barat ce.

Da sassafen Alhamis ya tarar da Barat a kan dakali, ƙafa a miƙe, shayi a gaba, gadon jariri a gefe.

"Barat-aka," in ji Mulla, wato yaya Barat, "an tashi lafiya? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, Ismat. Ka rame."

"Aka, ba ni yau, in ba ka gobe."

"A'a, musaya ciniki ce. Ai ka karanta min babi na biyar har sau uku. Yana da daɗi."

"To na umarce ka!"

"Umarci gobe. Ko ka aika wa Babban Alƙali ya ɗaga zuwa goben, sai ka tsaya a kaina ka gaya min gishiri nawa."

Mulla ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da sabuwar rigarsa ta karɓar baƙi. Shekara goma sha tara na jira suka taru a fuskarsa, har Barat ya ji tausayinsa, don shi ya koya masa tafiya a wannan tsakar gidan. Amma ya tuna bishiyar tut, ya ƙara shayi.

"Me kake so, aka?"

"Juma'a da Asabar. Lahadi dama tawa ce."

"Kwana biyu a kan ɗaya? Wannan zalunci ne!"

"Babi na biyu, Ismat. Ɗa guda daidai yake da bayi biyu. Yau ranar ɗa zan ba ka, kai kuwa ranakun bawa za ka ba ni. Ko babin ne ba daidai ba? In ba daidai ba ne faɗa min, sai mu duba na ɗayan ma."

Daga bayan labule aka ji Bibi tana dariya har da buga cinya. Mulla ya miƙe daga turɓaya. Ya shiga ɗaki ya fito da takarda da alƙalami, ya rubuta, ya buga hatimi, Bibi ta kira maƙwabta biyu suka shaida. Da ya rasa takardar da zai goge bakin alƙalami, babi na biyar ya yaga.

Palau ɗin ranar, masu wucewa a titi sai da suka rage tafiya. Babban Alƙali da malamansa suka ci har suka kwance ɗamara. Mulla ya tashi ya karanta musu cewa bawa ba shi da hankalin gane daidai, su kuma suna gyaɗa kai suna siɗe yatsu, ɗaya ma ya ce hujjar a fili take kamar rana. Babban Alƙali ya yi gyatsa ya ce gishirin nan kamar an auna shi da ma'aunin zinariya, gidan da ake irin wannan girki ba a rasa ilimi a cikinsa. Aka ba Mulla kujera a take. Ba wanda ya tambayi wa ya dafa, Barat ma bai sa ran a tambaya ba, yana can yana ɗaure gado da igiya.

Juma'a ana zare sakatar ƙofar gari ya fita. Bibi ta cika masa gadon da burodi da alewa da wata 'yar riga da ta ɗinka a ɓoye. Da rana ta take ya iso bishiyar tut, sai ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Ya taɓa ƙirjinsa ya ji takardar tana nan, ya ce wa gwiwarsa ta hagu, "Wuce mana, 'yar nema," suka wuce.

Rana na shirin faɗuwa ya ji ƙarar injin niƙa. Wata tsohuwa mai faɗin kafaɗa tana tsaye a ƙofar gidan, bai buƙaci a gaya masa ita ce surukar ba. Ta dube shi daga rawani zuwa takalmi, ta ji harshensa na mutanen Hurasan, inda ake kamo bayi, ta yi masa tambayar da ake yi wa irinsu.

"Kai na wane ne?"

"Ni uban Gulandam ne," in ji Barat. "Na kawo gado. A matsa min in shiga, da nauyi."

Ta matsa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, ya kuwa bi tsakar gidan a hankali don kowa ya ga shuɗin da jan.

Ya zo da hoton yarinya mai shekara goma a ransa, sai ga mace ta fito da fuskar uwarta sak. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi gadon, ta ce "Baba." Maganganun da ya shirya tun daga Buhara duk suka watse, abin da ya iya faɗi kawai shi ne a yi hankali da ƙafar gadon ta baya, fentin bai gama bushewa ba.

Asabar aka yi biki. Barat ya karɓi tukunya daga hannun matan ƙauyen ya dafa, surukar ta ci faranti biyu tana gaya wa maƙwabta cewa dama ita ta san yarinyar 'yar gidan mutunci ce. Da la'asar tsofaffin mata suka kwantar da jaririn a gado, suka ɗaure shi, suka watsa alewa, aka watse. Ya rage daga Barat sai 'yarsa. Nan ya ba ta labarin rabon gado da sulusi da gishiri, ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya.

"Gobe fa, Baba? Ta wa ce?"

"Tawa ce."

"To ka kwana biyu mana."

"Da ita zan koma. Kafin a rufe ƙofa."

Ta sunkuyar da kai. Barat ya sa hannu a kan gadon, ya leƙa fuskar jaririn, wanda ke barci da baki a buɗe ba abin da ya dame shi.

"Wannan fa," in ji shi, "kwana nawa ne nasa?"

"Kamar yaya, Baba?"

"A mako. Nawa ne nasa?"

"Duka mana."

"Har Litinin da Talata?"

"Duka, Baba. Kullum."

Barat ya ƙirga a yatsunsa, bakwai cif, ya sake ƙirgawa don ya tabbata. Sannan ya goge ido da gefen rawani, ya tura gadon a hankali, ya ce wa jaririn, "To yi barcinka, mai gida. Ba mai tashinka."